Tambayi Bakanike: Birkina ya shanye a Hawan Kibo, ya kuma dawo da kansa

Assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukkansu a kan man birki. Ta farkon ce ta tsaya mini a rai, saboda haka a kanta zan daɗe.

Tambaya: Oga, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a Bukur. Ina da Peugeot 406 'yar Kwatano, shekara bakwai ke nan tana hannuna. A watan Agusta na ɗauki iyali za mu biki Lafiya, but cike da kaya. Muna tsakiyar gangaren Hawan Kibo, a bayan wata tirela mai tafiyar hawainiya, na ɗaga ƙafa na sake taka birki, sai feda ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Na yi ta bubbuga ta, na ja birkin hannu, Allah Ya taimake ni na samu na raɓe gefen hanya. Mun yi kusan minti arba'in a zaune muna salati. Da na sake gwadawa, sai ga birki ya dawo garau. Bakanikena ya duba ya ce babu inda yake yoyo, fad ɗin birkin ma sababbi ne, wai in ci gaba da hawa abata. Wasu kuma sun ce wurin ne ke da iskoki. Man birki dai ban taɓa juye shi ba, in ya ragu ƙarawa nake yi. Me ya faru?

Amsa: Malam, barka da arziki, Allah Ya kiyaye gaba. Iska kam ta shiga birkinka, amma ba irin wadda ake nufi ba. Man birkinka ne ya tafasa. Kuma ka ba da amsar da bakinka a ƙarshen wasiƙarka: shekara bakwai ba a juye shi ba, ban da shekarun da ya yi a Turai kafin a loda motar a jirgi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, man birki yana shan ruwa. Irin wanda ke cikin motocinmu, mai tambarin DOT 3 ko DOT 4, ɗabi'arsa ke nan, kamar gishirin da aka bari a buɗe da damina. Yana zuƙar laima ta ɗan hucin da ke jikin murfin tankinsa, yana zuƙa ta jikin tiyon roba da ke zuwa kowace taya, yana kuma samun rabonsa duk ranar da yaron wankin mota ya ɗaga bonet ya saita wa injin ruwa. Ba ka ganin ruwan, domin gauraya yake yi da man. Amma zafin da man zai iya jurewa yana ta raguwa.

Ga lissafin. DOT ɗin nan sunan ma'aikatar sufuri ta Amurka ne a taƙaice, ita ta shimfiɗa ma'aunin. A ƙa'idarta, sabon DOT 4, wanda shi Peugeot ta ce a zuba wa 406, ba zai tafasa ba sai ya kai aƙalla digiri 230. Idan ya sha ruwan da ya kai kashi 3.7 cikin 100, sai ma'aunin ya faɗo zuwa 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa zuwa 140. Wannan kenan a ɗan ruwan da bai kai kashi huɗu ba. Naka mai shekara bakwai da ɗoriya, Allah kaɗai Ya san inda ya kwana.

To, sai ka ɗora masa Hawan Kibo. Mota cike, gangare mai tsawo, ƙafarka a kan birki saboda tirela. Faifan taya ya yi zafi, ya miƙa wa fad, fad ya miƙa wa tukunyar birki, wato abin da ke matse fad ɗin a jikin faifai, man da ke cikin tukunyar ya ɗauka. Muddin kana danne da feda, matsin yana hana shi tafasa. Da ka ɗaga ƙafa, matsin ya sauka, nan take ruwan da ke ciki ya zama tururi. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa in ka taka a sama yake turawa a ƙasa. Tururi kuwa matsuwa yake yi kamar balan-balan. Duk ƙarfin ƙafarka a kansa ya ƙare, bai isa taya ba. Da kuka zauna minti arba'in, tururin ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo. Shi ya sa bakanikenka bai ga komai ba. Ya duba mota mai sanyi a fili shimfiɗaɗɗe. Ban ce ya yi ƙarya ba, amma cewa ka ci gaba da hawa kuskure ne babba, domin ruwan yana nan inda yake, gangare na gaba yake jira.

Akwai wata matsalar mai kama da wannan, kada a haɗa su. In fad ne ya ƙone, za ka ji feda da tauri yadda ka saba, sai dai motar ba ta tsayawa, ga ƙauri. In mai ne ya tafasa, feda ce ke yin laushi ta nutse. Taka ta biyun ce.

Ƙara mai a sama ba ya maganin komai. Sabon yana zama a tanki, tsohon mai ruwan yana can ƙasa a tukwanen taya, daidai inda wutar take. Kuma kada launi ya ruɗe ka. In ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta, babu gardama ya mutu. Amma na sha ganin wanda ke ɗau da haske a tanki saboda yawan ƙari, a kwance ƙasa a ga abin da ke fitowa kamar ruwan kwata. Akwai ɗan abin gwaji mai kamar biro da ake tsomawa a tanki ya nuna yawan ruwa, yana da amfani, sai dai shi ma na sama yake aunawa. Masu ƙera motocin Turai irin su Peugeot da Volkswagen da Mercedes shekara biyu suka yanka, ko an yi tafiya ko mota na ajiye. Honda shekara uku take cewa. Ni a garejina, duk motar da ta shigo daga Kwatano, ranar da za a juye baƙin mai ranar nake cewa a juye na birki, tun da ba wanda ya san tarihinsa.

Ga yadda ake aikin, don ka tsaya a kai ka gani da idonka. Lita ɗaya ta DOT 4 za ta ishe ka, a kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Kada ka karɓi na tsiyaye, wanda ake aunawa daga galan ɗin da ya kwana a buɗe. Da farko a goge bakin tankin tas, a sa sirinji a zuƙe tsohon man, a bar ɗan kaɗan a gindi don kada ramukan su buɗe iska ta shiga, sai a cika da sabo. Daga nan a bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya. A yawancin motoci daga wadda ta fi nisa da masta (famfon da feda ke turawa, wanda tankin ke zaune a kansa) ake farawa, wato ta baya ɓangaren fasinja, amma akwai motocin da tsarinsu ya bambanta, wasu Honda ma daga gaba ake fara musu, don haka a duba littafin motar. A jikin kowace tukunya akwai ɗan notin cire iska. A sa masa siririn tiyo mai haske, irin na ƙarin ruwa, ɗaya bakin a tsoma cikin gora mai ɗan mai a gindi. Mutum ɗaya a kan sitiyari, ɗaya a ƙasa da sifana. Na ƙasa ya ce "taka", na sama ya taka sau uku. "Riƙe", ya danne. Na ƙasa ya sassauta noti, tsohon man ya fito, ya ɗaure, sannan ya ce "saki". Kada na sama ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, in ya yi haka iska ya zuƙo. Haka za a yi ta yi har sai abin da ke bin tiyon ya fito fes babu kumfa. Wannan shi muke kira bilidin, amma bilidin na cire iska kawai daban, na juye mai gaba ɗaya daban. Ka faɗa wa bakaniken wanda kake so, in ba haka ba zai tsiyayar da cokali biyu a kowace taya ya ce an gama. Kuma ido na kan tanki, a riƙa cikawa. In ya ƙafe a motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, iska na iya shiga injin ABS ɗin, wani lokacin sai an haɗa da kwamfuta take fita.

A tsohuwar mota akwai tarko biyu, kuma na faɗa cikin ɗaya. Ina yaron gareji a Kaduna, lokacin Fijo 504 haɗin Kakuri ce ta cika titi, aka kawo wata ta wani dattijo a juye mata mai. Ni aka ɗora a kan feda. Da ƙuruciya da son a ce na iya, na riƙa narka ta har tana bugun ƙasa. Aka gama, aka sauke jak, maigidana ya shiga ya taka, sai feda ta riƙa sulalewa ƙasa a hankali. Motar da ta shigo da birkinta ta koma babu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bai dake ni ba. Kwance mastar ya yi, ya zare sandar, ya ce in zura ɗan yatsa cikin ramin. Farkonsa sumul kamar gilashi, daidai inda robar da ke jikin sandar ta saba kai da kawowa shekara da shekaru. Can ciki kuwa kaushi, tsatsa da dauɗa sun yi kanta, saboda a tuƙin yau da kullum feda ba ta taɓa kai robar can. Ni na tura ta kan wannan kaushin, ya yayyage mata baki. Ya ɗauko guntun katako ya ajiye ƙarƙashin feda ya ce, "Daga yau ƙafarka ba ta wuce nan." Har gobe akwai irin wannan katakon a akwatin kayan aikina. Ka tabbata an sa wa taka, ko kuma a yi amfani da na'urar da ke tura mai daga sama ba tare da taka feda ba.

Tarko na biyu shi ne ɗan notin nan. Rami ne a cikinsa, ba shi da ƙwari, kuma wanda ya yi shekaru ba a taɓa shi ba yakan kama da tsatsa. Yaro ya sa masa sifana mai buɗaɗɗen baki ya finciko, sai ya murje ko ya karye a ciki, aikin sa'a ɗaya ya koma neman tukunya a kasuwar Fanteka. A fesa masa man sassauta tsatsa tun da dare, a ɗan ƙwanƙwasa shi, a sa sifana mai zobe daidai kansa. In ya ƙi, a yi haƙuri da shi, ba a yi masa ƙarfi.

Tun da taya na kwance, a duba tiyon roba. A lanƙwasa shi da hannu, in ya nuna tsaga ko ya kumbura a sauya. In man ya zuba a jikin mota a wanke da ruwa nan take, fenti yake ci. In an gama, ka taka da ƙarfi ka riƙe rabin minti, feda ta tsaya cak ba ta nutsewa, sannan ka gwada a hankali a layin unguwa kafin ka hau babban titi.

Saura naka laifin, Malam. Hawan Kibo ba a saukarsa da birki kaɗai. Ka sa giya ta biyu, ko ta uku in gangaren ya sassauta, injin ya riƙe motar, birki ya zama na taimako, ka taka ka saki. In otomatik ce a mayar da ita kan 2 ko L. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na ga wata ɗabi'a ta ƙaru, direba ya sa firi a gangare, wani ma ya kashe injin wai yana tattalin mai. Wanda ya kashe injin ya kashe abin da ke taimaka wa ƙafarsa, bayan taku biyu ko uku feda za ta zama dutse. Kofin fetur nawa za a tsira da shi?

Tambaya: Ina da Toyota Corolla 2004 da nake kai yara makaranta da ita. Duk bayan mako biyu sai jar fitilar birki ta kama, in sa a ƙara mai ta mutu. Na duba inda nake ajiye motar, ban ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Mai gadinmu ya ce zafin gari ne ke shanye shi. Daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki gaishe da mai gadi, amma man birki ba ya ƙafewa don zafin rana. Hanya biyu kawai yake raguwa. In fad na cinyewa, man yana sauka a hankali ya cike gurbin, wannan a watanni ake ganinsa, kuma da an sa sabon fad yake komawa sama. Raguwar mako biyu kuwa yoyo ne, babu tantama.

Rashin ganin ɗigo ba hujja ba ce, akwai wuraren ɓuya. In tayoyinki na baya masu diram ne, ƙaramar tukunyar da ke ciki tana iya tsatsafowa, ƙurar birki ta shanye man ya zama baƙin caɓi, bai kai ƙasa ba. Ki sa a leƙa bayan tayoyin ta ciki, in an ga jiƙa ko wani zane mai maiƙo a jikin tayar, to nan ne. Wuri na biyu shi ne bayan masta. In robar ƙarshenta ta mutu, man yana zuba cikin baƙin kwanon nan mai faɗi da take manne a jikinsa, ya taru a can ba wanda ya gani. Alamarsa fentin da ke ƙasan mahaɗar ya tattare ko ya ɓare. Sai kuma bututun ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashin mota. Motar da ta zauna a ƙasar da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara takan zo da su a cinye.

In tukunyar baya ce, a sauya ta hagu da ta dama tare, kuma lainin, wato fad ɗin cikin diram, in ya sha mai ya tashi aiki. Za a ce miki a wanke da fetur a goga masa sanfefa, kada ki yarda, man ya riga ya shige cikinsa. Shawarata ita ce yara su hau a-daidaita-sahu kwana biyu, motar ta tafi gareji gobe da safe, a hankali. Yoyon birki ba ya ba da sanarwar ranar da zai fashe.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni direban Golf ne, ina jigila tsakanin Katsina da Maraɗi. A tasha muna da dabara, in man birki ya ƙare a daji sai mu kaɗa omo da ruwa mu zuba, kuma yana ci. Wani abokina kuma jan man giya yake sawa, ya ce ya fi kauri. Wanne ya fi? Sannan in babu DOT 4, zan iya sa DOT 3 ko DOT 5?

Amsa: Ɗan'uwa, ka tambaye ni tsakanin kunama da maciji. Na san dabarar omo, kuma na san tana ci, shi ne ma abin tsoron. Kowane ruwa ka zuba zai tura birki muddin da sanyi. Amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, ka koma ka karanta abin da ya sami Malamin Bukur da man da ya fi ruwanka juriya nesa ba kusa ba. Ga tsatsar da zai bar maka a masta da tukwane. Wanda ya riga ya yi, ya juye shi duka a ranar, a wanke layin da sabon mai har sai kumfa ta daina fitowa. Kuma man da ya ƙare a daji ta wani wuri ya fita, a nemo wurin. Kwalba ɗaya a rufe a cikin but ta raba ka da wannan duka.

Na abokinka ya fi muni. Robobin birki ba sa shiri da duk man da aka samo daga fetur, ko na giya, ko na sitiyari, ko baƙin mai. Kumbura suke yi su yi laushi. Ka buɗe murfin tankinsa ka dubi robar da ke ciki, in ta yi fato-fato ta ƙi komawa mazauninta, haka sauran suke a ciki. Daga nan sai birki ya riƙa kamewa da kansa ko ya tsinke gaba ɗaya. Juyewa ba ta isa a nan, sai an sauya duk abin da ke da roba, masta da tukwane da tiyo.

Batun lamba kuwa, abin da aka rubuta a murfin tankinka shi ne hukunci, kuma Golf DOT 4 take sha. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna gaurayuwa. Mai DOT 3 zai iya hawa zuwa 4. Mai DOT 4 in ya sauko zuwa 3 ya rage wa kansa juriyar zafi, a yi shi don a isa gida kawai, sannan a juye. DOT 5 zalla, wanda babu .1 a bayansa, wani jinsi ne daban, na silikon, launinsa shunayya, ba ya haɗuwa da sauran kuma ba a sa shi a motar da ke da ABS. Akwai kuma wani kore mai suna LHM na tsofaffin Citroën, tun da kana shiga Nijar kana iya cin karo da shi a kanti. Ba naka ba ne.

Tambaya: Baba, ƙanena yana da makero a kai, maƙwabcinmu ya ce a shafa masa man birki zai mutu. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: 'Yata, a'a. Ana zuwa garejina da 'yar kwalba neman sa saboda makero da ƙyasbi da ƙuna, ban taɓa bayarwa ba. Abin da ke ɓare fentin mota ba na fatar yaro ba ne, balle inda ta riga ta buɗe. Ki kai shi asibiti, makeron kai ma sau da yawa sai an haɗa da maganin sha. Kuma in akwai kwalbarsa a gida a ɗauke ta daga inda yara ke kaiwa. Sinadaran da ke cikinsa dangin wanda aka samu ne a maganin haƙoran jarirai da ya hallaka yara fiye da 80 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009, ƙoda yake kashewa. Yana da ɗan zaƙi a baki, ga shi mutane na zuba ragowarsa a gorar lemo. In yaro ya kurɓa, kada a tsaya ba shi madara ko manja ana jiran a ga alama, a ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti a lokacin.